Jakin da ka saya, kayan wa yake ɗauka?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a burorin gwamnati da shagunan ƴan kasuwa, tun daga Yamai har Damagaram, ita ce: «Dakata kaɗan, na'urar ta yi nauyi.» Sakatare na faɗa wa wanda ya zo karɓar takarda, akanta na faɗa wa maigidansa, mai shagon buga takardu na faɗa wa ɗan lakwal da ke tsaye da kile a hannu. Mun faɗe ta har mun daina jin ta, kamar yadda mutum kan daina jin kukan gurup ɗin maƙwabcinsa. Ni kuwa da na shafe shekaru ina cin abinci da kwamfuta, wadda mutanen buro ke kira ordinatar, na ga ya dace mu tsaya mu tambayi abin da ke sa mata wannan nauyi, domin amsar ta wuce batun inji, ta taɓa aljihunmu, ta kuma taɓa sirrinmu.

Da na'ura ta fara jan ƙafa, zargi na farko kan faɗa kan birus, na biyu kan tsufa, na uku kan yaron da aka bari ya taɓa ta da marece. Wani lokaci zargin gaskiya ne. Amma sau da yawa ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. Duk wanda kwamfutarsa ke tafiya da Windows, ya kunna ta, kada ya buɗe komi, ya danna maɓallan Ctrl da Maj da Échap a tare. Wata taga za ta buɗe, wadda Faransanci ya raɗa wa suna Gestionnaire des tâches, wato rajistar ayyukan da na'urar ke yi a daidai wannan lokaci. Zai tarar da jerin sunaye masu yawa, sau da yawa sun haura ɗari, kowane na bakin aikinsa, alhali shi mai na'urar bai aiki kowa ba. In kuma tasa tsohuwa ce mai faifai mai juyawa, ba mamaki ya ga an rubuta 100% a gurbin faifan, ma'ana babu sauran fili ko na allura, tun kafin ya rubuta bisimillah.

Don a gane yadda abin ke faruwa, mai karatu ya ɗauki kwamfuta kamar shago. Ƙwaƙwalwar na'urar ita ce mai shagon da ke lissafi. Ma'ajin da ake kira RAM shi ne teburin da ke gabansa, inda yake baza kayan da ake ciniki yanzu. Faifai kuwa shi ne magaza da ke bayan shago, kuma yaro ɗaya tak ke shiga yana fita yana ɗauko kaya. Faifan yawancin tsofaffin kwamfutocin hannu na juyawa sau 5400 a minti, kuma allurar da ke karanta shi dole ta tashi daga wuri zuwa wuri, don haka aike kamar ɗari kawai take iya yi a daƙiƙa in an warwatsa mata su. In maigida kaɗai ke aiken yaron, komi na tafiya daidai. In kuwa mutum goma suna ƙwala masa kira a lokaci guda, to maigida ma sai ya bi layi. Daɗin daɗawa, in tebur ya cika, sai na'urar ta riƙa kwashe kayan da ke kansa tana mai da su magaza tana sake ɗaukowa, yaron dai shi ne ke sha. Nauyin da muke kuka da shi ke nan, ba aljani ba ne.

To, su wane ne waɗannan masu aiken yaron? A nan wajibi ne a yi adalci, domin ba dukansu ne ƴan zaman banza ba. Akwai mai gadi, wato manhajar da ke binciken birus, kuma ba mai hankalin da zai kori mai gadinsa. Akwai mai rajista, wanda ke bin takardunka ɗaya bayan ɗaya yana rubuta abin da ke ciki don in ka nema ka samu da wuri. Akwai wani da ake kira SysMain, mai ɗora kaya kan tebur tun kafin ka tambaya, bisa zaton za ka buƙace su. Akwai mai sabuntawa, wanda ke sauko da gyare-gyare daga intanet. Akwai kuma baƙin da suka biyo wata manhaja da ka sa, ta buga takarda ko ta hira ko ta kiɗa, kowace ta ajiye wakilinta mai tashi tare da na'ura ko da sau ɗaya ake buƙatarta a wata. Sai na ƙarshe, wanda shi ne ya sa na ɗauki bik yau, wato ɗan rahoto. Masana na kiran aikinsa telemetiri. A cikin Windows sunansa na gida DiagTrack, yana kuma da ƙane mai suna CompatTelRunner da kan tashi lokaci-lokaci ya zagaya na'urar yana ƙidaya manhajojin da ke ciki. Aikinsu shi ne su rubuta irin na'urar da kake da ita, da abin da aka sa mata, da inda ta yi tuntuɓe, su aika wa kamfanin da ya ƙera Windows.

Waɗanda suka yi aiki da Windows XP, wadda ta fito a 2001, za su tuna wata ƴar taga da kan fito duk sa'ad da manhaja ta mutu a tsakiyar aiki. Takan ba da haƙuri, sannan ta tambaya ko kana so a aika wa Microsoft rahoton abin da ya faru, ga maɓalli biyu, na aikawa da na ƙin aikawa. A buron da na yi aiki a wancan zamani mun sha dariya da wannan taga, har wani abokin aikinmu kan ce mata: «Ke dai ba ki gajiya da tambaya!» Yau ina ganin ta da daraja, domin ta san sallama. Ta tsaya a zaure, ta nemi izini, in an ce a'a ta juya. Abin da ya canza ke nan. Tun da Windows 10 ta fito ranar 29 ga Yuli 2015, ɗan rahoto ya bar zaure ya tare a cikin gida, kuma mai gida ba shi da ikon ce masa ya tafi. Iyakar abin da aka ba shi shi ne ya zaɓi ko rahoton ya yi tsawo ko ya gajarta. An kuwa raba Windows 10 kyauta tsawon shekara guda ga masu Windows 7 da 8.1, har da naci, ana ta turo musu gayyata a fuskar na'ura. Mu ƴan kasuwa da jikokin ƴan kasuwa mun san banza ba ta kai zomo kasuwa.

Kada a ce zargin ƴan unguwa ne. A Faransa akwai wata hukuma mai suna CNIL, wadda dokar 1978 ta kafa don kare bayanan jama'a. A watan Yuli 2016 ta yi wa Microsoft gargaɗi a bainar jama'a, ta ba shi wa'adin wata uku. Daga cikin abubuwan da ta lissafa akwai tattara bayanai fiye da kima, har da sanin manhajojin da mutum ya sauko da su da tsawon lokacin da ya ɗauka a kan kowace, da kuma wata lambar talla da ake liƙa wa kowane mai amfani ba tare da an nemi yardarsa ba. A watan Yuni 2017 hukumar ta rufe shari'ar, ta ce kamfanin ya gyara, kuma ya rage kusan rabin bayanan da yake kwasa a mataki na ƙasa. Wannan rabin shi ne abin da ya daɗe yana min yawo a zuci. In an iya zubar da rabin kaya jaki bai fasa isa kasuwa ba, ashe tun farko rabin ba na tafiyar ba ne. A watan Oktoba na shekarar, hukumar kare bayanai ta ƙasar Holan ita ma ta ce yadda Windows 10 ke kwasar bayanai ya saɓa wa dokar ƙasarta. A cikin wannan matsi ne kamfanin ya buga jerin abubuwan da yake tattarawa, a 2018 kuma ya fito da wata manhaja da ke nuna wa mutum rahoton da ke fita daga na'urarsa.

Kamfanin na da hujjarsa, kuma ba hujjar wofi ba ce. Yana cewa na'urori miliyoyi ne, iri-iri, kuma in wani gyara ya lalata wasu daga cikinsu, ta wannan rahoto ake ganewa da wuri a tsai da shi kafin ya kai ga sauran. Na yarda. Likita ma na son sanin yadda magani ya karɓi majiyyaci. Sai dai akwai abin da ya kasa shigar min kai. Akwai matakin da ke tsai da rahoton, amma an keɓe shi ga Windows ta manyan kamfanoni da ta makarantu. Wanda ya sayi ta gida, ko ma wadda ake kira Pro da ƙananan ƴan kasuwa ke amfani da ita, zaɓinsa biyu ne, rahoto «na dole» da «na ganin dama», kuma na dolen dole ne. Wato an san yadda ake rufe ƙofar, makullin ne ake ba manya a hana ƙanana. Dillali a kasuwar dabbobi ta kowane gari na karɓar la'adarsa, amma da sanin mai saye da mai sayarwa, kuma in ba ka so ka yi cinikinka kai tsaye.

Yanzu bari in faɗi wata gaskiya da masu zafin kai ba su son ji. In aka auna, ɗan rahoto shi kaɗai ba shi ne ke cinye mafi yawan ƙarfin na'ura ba. A kan sabuwar kwamfuta mai faifan SSD, wanda ba ya juyawa kuma yana iya aike dubbai a daƙiƙa, da wuya ka ji motsinsa. Nauyin na zuwa ne daga taruwarsu duka, kuma daga wani zato da masu ƙira suka yi, cewa kowa na da sabon inji, da wutar da ba ta yankewa, da intanet marar awo. Wani masanin ƙasar Suwis mai suna Niklaus Wirth, wanda ya ƙirƙiro harshen kwamfuta na Pascal, ya yi wannan kuka tun 1995, inda ya nuna cewa manhaja na ƙara nauyi fiye da yadda inji ke ƙara sauri. A shekarar ce Windows 95 ta fito, a kan disket 13, kuma tana iya tashi da RAM mai mega 4. Windows 11 ta 2021 na neman jiga 4 a matsayin mafi ƙanƙanta, wato ninki dubu. Wasiƙar da sakatare ke bugawa kuwa ba ta ninka dubu ba, har yanzu shafi ɗaya ce da tambari a ƙasa.

Wannan zato na masu ƙira, mu ne ke biyan kuɗinsa. Tun karyewar darajar sefa a watan Janairu 1994, lokacin da farashin duk abin da ake shigowa da shi ya yi tsalle, muka koyi riƙon na'ura har ta tsufa a hannunmu, kuma akasarin waɗanda ke shagunanmu na hannu ne, sun gama aiki a wani buro na Turai kafin su iso. Intanet ɗinmu da awo muke saye, forfe bayan forfe. Wutarmu a bazara sai addu'a, kuma duk mintin da na'ura ta ɓata tana hidimar wani, batir ne ke sauka ko man gurup ne ke ƙonewa. Ga zafi da ƙurar hunturu da ke toshe fankar inji, shi kuwa in ya yi zafi da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone.

Wani Alhaji abokina a Maraɗi, mai shigo da kayan masarufi, ya taɓa kirana rai a ɓace. Ya haɗa kwamfutarsa da salularsa don ya aika faktir guda ɗaya zuwa Lome, ya tashi sallar la'asar, kafin ya dawo forfen da ya saya na sati ya ƙare ƙaf. Ya riga ya yanke hukunci cewa kamfanin waya ne ya yi masa sata. Da na duba sai na ce masa: «Alhaji, ba su ba ne. Na'urarka ce ta ga hanya a buɗe, ta shiga sauko da gyare-gyarenta.» Ya yi shiru, ya dube ni, ya ce: «To, Malam, wa ya aike ta?» Na yi shekaru ina karanta abin da masana ke rubutawa a kan wannan batu, ban ga wanda ya tsara tambayar fiye da haka ba.

Akwai ma wani abu da ƴan kasuwa ya kamata su sani. Windows 10 ta zo da wani tsari na raba gyare-gyare tsakanin na'urori, inda kwamfutarka kan iya tura wa wasu kwamfutoci guntayen abin da ta sauko da shi, don a rage wa kamfanin nauyi. Lokacin da ta fito a 2015, a Windows ta gida an bar wannan tsari a kunne har zuwa ga na'urorin baƙi da ke intanet. A ƙasar da ake biyan kuɗi ɗaya a wata ko nawa aka sha, wannan dabara ce mai kyau. A wurin mai sayen forfe kuwa, jakinsa ne ke dakon kayan wani da harawarsa.

Ga ƴan'uwana ma'aikatan gwamnati, batun ya fi nauyi. Ba ina cewa ana kwashe takardunku ana aikawa ƙetare ba, kuma duk wanda ya gaya muku haka ya yi ƙari. Amma kamfanin da kansa ya rubuta cewa a matakin «na ganin dama», in manhaja ta mutu, rahoton da ake aikawa kan iya ƙunsar abin da ke kan teburin na'urar a lokacin, har da wani yanki na takardar da ake aiki a kanta. A ce takardar jerin albashi ce, ko ta marasa lafiya, ko ta kwangilar da ba a buɗe ba tukuna. Nijar ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2017, aka kuma kafa hukumar HAPDP don ta kula da ita. A ganina, kowace ma'aikata da ke sayen kwamfutoci ya kamata ta sa wannan cikin sharuɗɗan kwangila, a san wace irin Windows aka kawo, a kuma san wanda ya saita ta da matakin da ya bar ta a kai. Muna ƙirga kujeru da tebura a rajistar kayan gwamnati, amma ba mai tambayar abin da ke fita ta wayar da ke bayan tebur.

Sai dai a yi hattara da maganin da ya fi cutar. Wasu masu gyara, da kyakkyawar niyya, kan sa wa mutane wata Windows da wani wanda ba a sani ba ya yanke wa gaɓoɓi ya saka a intanet, ko kuma su kashe sabuntawa da mai gadi gaba ɗaya. Na'urar kan yi sauri, gaskiya ne, mai ita ya biya yana murna. Amma garin gyaran gira ake rasa ido. A watan Mayu 2017 wani birus mai suna WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin Ingila, yana neman fansa, alhali gyaran da ke toshe ƙofar da ya bi ya fito tun watan Maris. Waɗanda ba su sa shi ba su ne suka sha. Wanda kuma ya kori ɗan rahoton da aka san sunansa ya kawo manhajar da ba a san mahaifinta ba, bai san ko wa ya shigar gidansa ba.

Abin da ni nake yi, kuma nake yi wa abokai, ba shi da wuya. A cikin saitin intanet akwai wurin da ake gaya wa na'ura cewa wannan hanya mai awo ce, daga nan sai ta rage sauko da kaya, ta kuma daina rabawa wasu. A saitin sirri a kashe rahoto na ganin dama da lambar talla. A cikin waccan rajista ta ayyuka akwai shafin masu tashi tare da na'ura, a sallami duk wanda ba a buƙata da safe. A hure ƙurar fanka. Wanda ke da ƴan jikkuna ya canza tsohon faifai da SSD, domin a cikin duk abin da na gwada babu wanda ya kai wannan tasiri, na ga na'urar da aka yanke wa ƙauna ta tashi kamar an yi mata wankan jego. Akwai kuma hanyar Linux, wadda ake samu kyauta kuma tana da ire-ire marasa nauyi da suka dace da tsofaffin injuna. Jandarmomin Faransa sun mai da dubban kwamfutocinsu kanta, ba su kuwa daina aiki ba. Ita ma ba waliyyiya ba ce: a 2012 Ubuntu ta fara tura abin da mutum ke nema a cikin na'urarsa zuwa waje don a nuna masa kayan sayarwa na Amazon, aka yi ta hayaniya, sai a 2016 aka bar tsarin a kashe. Bambancin shi ne a can mai na'ura na da ikon cire abin da ba ya so. Cikas ɗin kuwa sananne ne, akanta ya saba da manhajar lissafinsa, kuma ba kowace ke tafiya a can ba.

Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen kula da Windows 10 na yau da kullum. Windows 11 kuma na neman wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da ƙwaƙwalwa ta baya-bayan nan, abin da tsofaffin injuna da yawa ba su da shi ko da lafiyarsu ƙalau. An buɗe wa masu Windows 10 ƙarin shekara guda ta gyaran tsaro, zuwa 13 ga Oktoba 2026. A ƙasashen Tarayyar Turai, bayan ƙungiyoyin masu saye sun matsa, an ba da ita kyauta ga duk mai asusun kamfanin. A sauran duniya, inda muke, sharaɗin shi ne ka yarda a ajiye saitin na'urarka a rumbun kamfanin, ko ka biya da makin da yake ba masu amfani da kayansa, ko ka ba da dala 30, ta Amurka fa, ba dalarmu ta kasuwa ba. Injunan da burorin Turai ke sallama saboda wannan canji, mun san hanyar da suka saba bi, kuma za mu gan su a kan teburan masu sayarwa, an goge su suna ƙyalli, da araha mai jan ido. Wanda zai saya ya sa a kunna masa a gabansa, ya tambayi irin faifan da ke ciki, ya tambaya ko tana karɓar Windows 11, sannan ya danna maɓallan nan uku ya ƙirga waɗanda suka riga shi shiga kafin ya zaro kuɗi daga aljihu.